Saƙo daga Ingila kan kumburin matatun ƙoda

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kowa yana lafiya a Gombe. Labarin da ka ba ni cewa fuskar ƙaramin ɗanka tana kumbura da safe, fitsarinsa kuma ya koma launin baƙin shayi, ya tayar mini da hankali, domin abin da ya sami 'yata ke nan bara.

Likitar da ta duba ta ta bayyana mana cewa kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya. Idan wata ƙwayar cuta da ake kira sitireftokokas ta kama maƙogwaro ko ta shiga ƙurajen ƙazuwa, garkuwar jiki takan yaƙe ta, amma bayan mako 1 zuwa 3, ko har 6 idan ta fata ce, ɓurɓushin wannan yaƙi sai ya maƙale a matatun su kumbura, jini da furotin su riƙa zurara cikin fitsari, gishiri da ruwa su taru a jiki, jini kuma ya hau. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau ma suna jawo kumburin matatun.

A nan ba a sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da izinin ma'aikacin lafiya, saɓanin yadda muka saba a kemis, kuma ba a karɓi kuɗi a asibiti ba, ko da yake mu baƙi muna biyan harajin lafiya tare da biza, samun ganin likita ma sai an yi haƙurin jira. Idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suna tsakuro naman ƙoda da allura su duba a madubin likita. Sai dai abin da ya fara tona ciwon 'yata shi ne ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari, wanda ɗakunan gwaji na Gombe suke da shi kuma ba shi da tsada, sannan aka bi da awon jini.

Ina roƙonka, Yaya, kada a ɗauka tsargiya ce don yaro yana wanka a madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Jinin tsargiya ja ne kuma a ƙarshen fitsari yake fitowa. A kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna fitsari da hawan jini da aikin ƙoda, a rage masa gishiri, a kuma nisanta shi da jiƙe-jiƙe da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac. Yawancin yara suna warkewa sarai. Da zarar sakamako ya fito ka turo mini ta WhatsApp.