Gidanmu na gado a Birnin Kebbi: a rushe ko a gyara?

Yaya yana son a rushe gidan, a tayar da ɗakunan haya na bulo da kwano, kowa da ƙofarsa. Kuɗi zai shigo, ban musa ba. Amma zafin Afrilu kan haura digiri 40, kwano kuwa ya mayar da ɗaki tanderu.

Ni gyara nake so. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyin dare har azahar. A yaɓe ta, a gyara indararo kafin damina, a ɗora sola ta jawo wa kowa ruwa. A bar zaure, a bar dogonyaron tsakar gida inda Inna ke shimfiɗa tabarma jikoki su kewaye ta. Wahalarsa yaɓe duk shekara, kuma na yarda zan ɗauka.