Gargaɗi ga masu neman satifiket ɗin kilawud a Abuja

Jama'a, assalamu alaikum. Da na so in yi shiru tunda abin a gidanmu ya faru, amma shekaranjiya na sake cin karo a Facebook da tallar 'yan damfarar nan da suka sayar wa ɗan yayata satifiket ɗin bogi. Sun sauya suna, hotunan dai su ne, har da na saurayin nan mai rungume da laftof yana murmushi. Shirun ba zai yi ba.

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa bara, yana zaune a Kubwa ba aikin fari ba na baƙi. Sai ya ga talla: horon mako shida kan haɗa netwok a kilawud (kwamfutocin da ake haya ta intanet), satifiket "tabbas" na AWS (sashen kilawud na kamfanin Amazon), daga nan aikin da ake yi daga gida ana biya da dala. Ofishinsu a hawa na biyu na wata filaza a Wuse, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga yarinya mai karɓar baƙi. Kuɗin shiga naira dubu 380. Uwarsa ta kwashi adashinta ta damƙa masa. Ni da nake cin abinci da wannan aikin shekara da shekaru, ba wanda ya tuntuɓe ni, wai so yake ya ba ni mamaki.

Ya kuwa ba ni. Wata Lahadi ya shigo da takarda an liƙa mata leda, tambarin kamfani a sama, sunansa da manyan baƙaƙe.

"Kawu, ga shi nan, an gama."

"Madalla, ɗana. A wace cibiya ka zauna jarrabawar?"

"Ai ban zauna ba. Malaminmu ya ce suna da mutum a waje mai rubutawa, dubu 120 kawai na ƙara."

Gabana ya faɗi. Na jawo ambulan na rubuta 10.0.1.0/24 a bayansa, wato yadda ake rubuta yankin adireshin na'urori a netwok, na ce na'ura nawa za su samu adireshi a nan? Ya dubi ambulan, ya dube ni, ya sosa ƙeya. Wannan fa karatun makon farko ne. Adireshi 256 ne, a netwok ɗin ofis ana amfani da 254, a cikin AWS kuwa 251, domin su suna riƙe biyar a kowane yanki. Mako shida ya yi yana zuwa aji, hotunan allo kawai ake haska musu suna kwafa. Bai taɓa haɗa rauta biyu (na'urar da ke sada netwok da netwok) su yi magana da juna ba, ko a cikin manhaja.

Na ce ya buɗe mini akawun ɗinsa na jarrabawar AWS. Ba shi da shi. Muka duba Credly, shafin intanet inda AWS da Cisco (kamfanin na'urorin netwok) suke ba wanda ya ci jarrabawa tambarinsa, babu komai. Takardar nan a kwamfuta aka zana ta, irin aikin da yaran shagon buga katin biki za su yi maka kafin shayinka ya huce.

Washegari muka tafi Wuse. Ƙofa a garƙame, an cire allon suna, sai ramukan ƙusa huɗu a bango. Maigadi ya ce, "Alhaji, ai tun daren Juma'a suka kwashe kujerunsu, kai ne na tara da ka zo nemansu." Rukunin WhatsApp ɗin ɗaliban kuma an kulle shi, shugabanni kaɗai ke iya rubutu.

Abin da ya sa suke samun mutane shi ne sana'ar gaskiya ce. Kilawud ba wani tsafi ba ne, manyan kwamfutoci ne jibge a gine-ginen kamfanoni, ana hayar su ta intanet. Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ta buɗe nata a Kef Tawun a 2020, ta kuma kawo ƙaramin reshe Legas a 2023. Bankuna da ma'aikatu suna bukatar wanda zai haɗa netwok ɗin ofis da na can, ya tsara hanyar da bayanai za su bi, ya gina katangar tsaro. A jikin wannan gaskiyar 'yan damfara suke rataye ƙaryarsu.

To ga yadda jarrabawar take, don kada a yi muku rufa-ido. Kai da kanka kake buɗe akawun da imel ɗinka, da sunan da ke jikin katin shaidarka. Jarrabawar AWS da ta Cisco ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake zama, ko dai a cibiyar da aka amince da ita, ko a ɗakinka kyamara na kallonka, bayan ka ɗauki hoton katinka da na teburinka. Kuɗin ba ɓoyayye ba ne: matakin farko na AWS dala 100, na Solutions Architect Associate dala 150, CCNA ta Cisco dala 300, kuma duka shekara uku suke yi a sabunta. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin jarrabawa asusun wani mutum zai yi maka rajista da imel ɗinsu, riƙe kuɗinka. Wanda ya ce zai sayar maka da lambar biyan kuɗin jarrabawa a rabin farashi, tambaye shi inda ya samo ta. Araha ba ta ado.

Akwai masu rubuta wa mutane da gaske, su sa ka saka manhajar AnyDesk su shiga kwamfutarka daga nesa. Waɗannan sun fi haɗari a wurina. In an kama, a soke satifiket a hana ka sake zama. In ba a kama ba, ka ba baƙo mabuɗin laftof ɗinka da duk abin da ke ciki, sannan ranar ganawar ɗaukar aiki wani kawun zai miƙo maka ambulan da irin tambayar da na yi wa yaron.

Batun "aiki tabbas" kuwa, ban taɓa ganin kamfanin kirki da ke karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka ba. Kuma rajistar CAC da suke liƙawa a bango ba ta nuna suna da alaƙa da AWS ko Cisco, suna kawai aka yi wa rajista.

Abin takaicin, yawancin karatun kyauta yake. Packet Tracer, manhajar gwajin haɗa netwok, kyauta ce a Cisco Networking Academy, darussan Microsoft Learn kyauta, AWS Skill Builder na da darussa na kyauta, shirin horon fasaha na 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ma yana da ɓangaren kilawud. Malami mai karɓar kuɗi ba laifi ba ne, akwai na ƙwarai a garin nan. Ka ce dai ya bar ka ka zauna aji ɗaya ka ga ko ɗalibai na taɓa na'ura da hannunsu, ka kuma nemi ya nuna maka nasa tambarin a intanet.

Mun tattara rasit ɗin banki da hotunan hirarrakin WhatsApp mun shigar da ƙorafi a EFCC, mun kuma sanar da bankin da aka tura kuɗin. Wanda abin ya taɓa, kada ya goge komai a wayarsa don jin kunya. Yaron yanzu yana zuwa wurina duk Asabar, muna kan raba adireshi, uwarsa kuwa har yau tana zubin adashin da ta riga ta kwasa.

Sabuwar tallar da na gani ta ce za su buɗe aji a Jos wata mai kamawa. Mutanen Filato, ku gaya wa 'ya'yanku.