Gargaɗi kan masu karɓar "kuɗin kaya" da sunan gyaran famfo a Accra

Jama'ar Nima, Mamobi, Sabon Zango da Madina, assalamu alaikum. Akwai damfarar da ake yi da sunan aikin famfo, tana cin mai gidan da ke neman gyara, tana kuma cin yaron da ya gama koyon sana'a yana neman aiki.

Mutum ne zai sa talla a Facebook ko zauren WhatsApp na unguwa, da hotunan banɗaki masu ƙyalli waɗanda ba aikinsa ba ne. Ka kira ka ce bangonka yana tsatsafo, sai ya ce turo hoto. Bai tako gidan ba, amma har ya yanke kuɗi, ya ce a tura na kaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don ya biyo ta kasuwa. Da kuɗin sun shiga, waya ta mutu. Mai sana'a ba ya gane yoyo daga hoto, domin ruwa yakan bi jikin bututu ya ɓullo nesa da inda ya fashe. Zuwa yake yi ranar da ruwa ya zo, ya rufe duk kawunan famfo da na tanki, ya tsaya kan mita. In tana juyawa, akwai yoyo. Kuma kafin ka sa lambar sirri, karanta sunan da MoMo ta nuna maka. In ya saɓa da wanda ke kan Ghana Card ɗinsa, wato katin shaidar ɗan ƙasa, dakata.

Wanda ya fi ɓarna shi ne mai zuwa ya yi aikin. Zai karɓi kuɗin bututu mai kauri, ya sayo marar kauri, ya binne a bango kafin ka dawo daga aiki. Koren bututun roban nan da ake kira PPR yana da rubutu a jikinsa mai nuna ƙarfin ruwan da zai iya ɗauka: PN10, PN16 ko PN20. Layin ruwan zafi PN20 yake so. In aka sa PN10 a bayan hita, wato na'urar dumama ruwa, zafi zai raunana shi, ya tsage a ƙarƙashin tayil, sai an fasa bangon gaba ɗaya. Haɗin PPR da wuta ake yi, zafin ƙarfen wajen digiri 260, bututu mai milimita 20 ana gasa shi daƙiƙa 5, mai 25 daƙiƙa 7. Wanda bai iya ba yakan bar shi ya narke ya toshe ciki. A waje haɗin ya yi kyau, amma ruwa sai ɗigo, sannan ya ce maka injin turo ruwa za ka saya, shi ne kuma zai sayo. Haka nan ana sa siririn bututun PVC na ruwan datti a layin da ke da ƙarfin ruwa. Bututun masai inci 4 ne, da gangara wajen santimita 2 a kowace mita. In aka kwantar da shi babu gangara, toshewa ba za ta ƙare ba.

Don haka Alhaji, Hajiya, a raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Ya rubuto jerin kaya da girmansu da adadinsu, ku je shago tare ko ka aika ɗanka, a karɓo rasit. Kada a yi yaɓe ko a manna tayil sai an cika layin da ruwa, an toshe bakunansa, ya kwana ba ɗigo. A ɗauki hoton inda kowane bututu ya bi. Cikon kuɗin hannu sai bayan wannan gwaji.

In ya ce zai kewaye maka mita don kuɗin ruwa su ragu, ko ya ce shi ma'aikacin Ghana Water ne a ba shi kuɗi a hannu ya jona maka layi, sallame shi. Sabon layi a ofishin gunduma na kamfanin ruwan ake nema, kuma ranar da aka kama satar ruwa, mai gida ake kamawa.

Ku kuma samarinmu masu neman aiki, ku ne abin ya fi damuna a kanku. Za a ce ana ɗaukar masu aikin famfo a wani babban gini a East Legon ko Tema, ko a ƙasashen Larabawa, amma sai ka biya kuɗin fom, na gwajin lafiya, na hula da takalmi. Ɗan kwangilar gaske wurin aiki yake kiranka, ya ba ka bututu ya ga haɗinka, ya duba takardar NVTI, wato shaidar koyon sana'a, in kana da ita, ya tambayi wane maigida ya yaye ka. Kamfanin samar da aiki kuwa dole ya riƙe lasisin Sashen Ƙwadago. Nemi ka gani da idonka. Kada ka tura hoton Ghana Card ɗinka da na ayyukanka ga wanda ba ka sani ba, domin da su ake buɗe shafin da za a cuci wani da sunanka.

Wanda aka riga aka ci, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙon MoMo da lambar cinikin, ya kira kamfanin layinsa nan take, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, ya kuma kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Sannan ya sanar da sarkin zango da limamin unguwa, a faɗa wa mutane bayan sallah.