Hoton Jibin Ƙarshe na kanbas: a duba launi kafin firam

Duk mai son sayen hoton Jibin Ƙarshe na Leonardo da Vinci, wato zanen abincin ƙarshe da Yesu ya ci da almajiransa, shawarata ya fara duba launi. Yawancin waɗanda ake sayarwa an cika musu ja da shuɗi har fuskokin almajirai sun koma iri ɗaya. Nawa bugu ne a kan kanbas, an ɗauko shi daga bangon da asalin zanen yake a kai, kamar yadda yake bayan babban gyaran da aka kammala a 1999. A koɗe yake, wasu wuraren kamar an kankare, kuma haka asalin yake. Leonardo ya zana shi tsakanin 1495 da 1498 a ɗakin cin abincin 'yan zuhudu na Santa Maria delle Grazie a Milan, Italiya. A kan busasshen shafe ya sa fenti maimakon ɗanye, shi ya sa ya soma ɓarewa tun mai zanen yana raye.

Abin da ya fi kama ni a wannan bugu shi ne hannuwa sun fito tar. Daidai lokacin da Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi aka zana, kuma a hannuwan nan ake ganin ruɗewarsu. Almajiran sun kasu uku-uku. Bitrus ya riƙe wuƙa ta baya, ya sunkuya yana yi wa Yahaya magana. Yahuza ya ja da baya, fuskarsa a inuwa, ya damƙe jakar kuɗi. Toma ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Yesu kaɗai ne a natse, tafin hannunsa na hagu a buɗe kusa da gurasa. Yanzu in fasto ya karanta "a daren da aka bashe shi" lokacin Jibin Ubangiji, wannan teburin nake gani, kuma ina ɗaukar gurasar da tsoron Allah fiye da dā.

Kada a zargi mai bugu a kan rashin ƙafafun Yesu. Ƙofa aka fasa a bangon asalin zanen, daidai wurin, a 1652.

Laifin bugun nawa biyu. An shafa masa abin sheƙi mai yawa, in fitila ta haske shi gefe guda sai ya ɓace. Firam ɗin kuma ya ci bayan Bartalamawas a ƙarshen hagu, abin ya dame ni ƙwarai. Asalin zanen faɗinsa mita 8.8 ne, tsayinsa 4.6, saboda haka ƙarami ba ya nuna komai. A nemi mai faɗin aƙalla mita ɗaya, marar sheƙi, a kuma rataye shi nesa da taga.