GeoGebra a wayar ɗalibi: gwani ne a gangaren layi, amma sai an sa ido

Ɗaliban SS2 da SS3 a Zariya, daga Samaru har Tudun Wada, sun haddace y = mx + c kamar karatun allo, amma ka tambayi me m yake yi wa layi, sai ajin ya yi tsit. Wannan m shi ne gangaren layi, wato yawan karkatarsa. A nan GeoGebra, manhajar zane-zanen lissafi, take da amfani. Markus Hohenwarter ne ya fara ta a 2001 a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta a wayar Android tana zana layi ba tare da data ba.

Rubuta y = m x + c, ka bar tazara tsakanin m da x. Za ta ba ka maɓallai biyu da ake ja da yatsa, na m da na c, kowanne daga -5 zuwa 5. Ja m zuwa 3, layin ya miƙe kamar hawan dutsen Kufena. Mayar da shi 0, ya kwanta. Wuce zuwa -2, ya gangara ta hannun dama. Ja c kuma, layin ya hau ko ya sauka, karkatarsa ba ta canza ba. Minti biyar na wannan ya fi allo cike da bayani.

Ta fi burgewa a wurin ɗigo biyu. Saka A = (1, 3) da B = (4, 9), ka haɗa su da layi. Hawa 6 ne, tafiya 3, saboda haka m, wato hawa a raba da tafiya, shi ne 2. Daga y - 3 = 2(x - 1) sai a samu y = 2x + 1. Ɗalibin da ya debe 9 - 3 a sama amma ya yi 1 - 4 a ƙasa zai samu -2, kuma zanen zai ƙaryata shi nan take, tunda layin hawa yake yi. Haka ma 2x + 3y = 6: yara da yawa suna ɗaukar 2 a matsayin gangara, alhali sai an mayar da shi y = -(2/3)x + 2 tukuna, a ga gangarar -2/3 ce.

Babbar matsalar GeoGebra tana wurin zuƙo hoto da yatsa. Idan ma'aunin x da na y suka bambanta, layuka masu gangara 2 da -1/2 ba za su yi kama da masu haɗuwa a kusurwa 90 ba, ko da yake 2 sau -1/2 yana ba da -1, wanda shi ne alamar layuka masu haɗuwa a wannan kusurwa. Malami ya daidaita ma'aunin zuwa 1:1 kafin a fara. Sannan layin tsaye irin x = 4, za ta zana shi, amma ba za ta bayyana cewa rabawa da sifili ce ta hana shi gangara ba. Wannan aikin malami ne.

Ga mai shirin WAEC ko NECO, ba a shiga zauren jarrabawa da waya, kuma makin yana kan matakan aiki. A fara yin lissafin da fensir da rula a takardar garaf, santimita 2 ga kowane 1, sannan a buɗe GeoGebra a duba.