Majami'ar St Jude da ke Hampstead Garden Suburb: Abin da Mai Ziyara Zai Tarar

Duk mai sha'awar fasahar gine-gine da ya je Landan ya kamata ya keɓe rabin yini domin majami'ar St Jude-on-the-Hill, ta ɗarikar Angilika, wadda take kan tudu a tsakiyar unguwar Hampstead Garden Suburb, a arewacin birnin. Henrietta Barnett ce ta kafa unguwar a 1907, da nufin masu hali da talakawa su zauna wuri guda, kuma Edwin Lutyens, wanda daga baya ya tsara manyan gine-ginen gwamnati na New Delhi, shi ya zana majami'ar. An keɓe ta domin ibada a 1911, amma ba a kammala ginin ba sai a 1935.

Kyawunta na waje shi ne abin da ya fi cancantar wahalar zuwa. Rufin yana da faɗi ƙwarai, ya gangaro ƙasa har ya kusa daidaita da na gidajen da ke kewaye, ta yadda ginin bai danne maƙwabtansa ba duk da girmansa, sa'annan daga tsakiyarsa hasumiya mai tsini ta miƙe ƙafa 178. An yi bangon da bulo mai ruwan toka, aka zagaye tagogi da kusurwoyi da jan bulo, aikin da sai mutum ya matso kusa yake gane tsabtarsa. A ɗaya gefen dandalin da St Jude take akwai wata majami'ar mai ƙubba, mai suna Free Church, ita ma zanen Lutyens, kuma tsayawa tsakaninsu ana kwatanta tsini da ƙubba darasi ne mai zaman kansa.

Ciki kuwa sai a hankali. Wanda ya ga tsinin daga waje zai zaci bakunan gini masu kaifi, sai ya tarar da rufi mai lanƙwasa da ƙananan ƙubbobi, waɗanda Walter Starmer ya cika da zane-zane bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na ƙaramin ɗakin addu'a na Maryamu, inda ya zana mata na Littafi Mai Tsarki da na tarihi, su ne mafi armashi. Sauran, a ganina, sun yi yawa, sun rage wa bulon Lutyens kwarjini, kuma launinsu ya dushe. Akwai kuma allon tunawa da dawakan da suka mutu a wancan yaƙin, abin da ba kasafai ake gani a majami'a ba.

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce Golders Green, daga nan sai a hau ƙaramar bas mai lamba H2 ko a taka da ƙafa, hanyar kuma hawa ce. Babu kantuna a dandalin, saboda haka gara a tafi da ruwan sha. Da yake wurin ibada ne ba gidan tarihi ba, ya kyautu a bincika lokacin buɗewa tukuna, ko a daidaita ziyarar da bikin kaɗe-kaɗe na Proms at St Jude's da ake yi a ƙarshen watan Yuni.