Madubin hangen nesa na Nikon Prostaff P3 8x42: ko ya isa kallon agwagin ruwa a lokacin ɗari?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu tafkunan jihar Damagaram, irin su Gidimuni da ke kan hanyar Gure da kuma Lasuri, sukan cika da baƙin tsuntsaye da suka gudo daga sanyin Turai, su haɗu da 'yan gida irin su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Mai son ya bambance su sai da madubi, wanda wasu ke kira jimel, kuma wannan na Nikon ya cancanci kuɗinsa.

Lambar 8x42 na nufin yana kusanto da abu sau 8, faɗin gilashin gaba kuma milimita 42 ne. Idan aka raba 42 da 8, hasken da ke shiga ido ya kai faɗin milimita 5 da ɗoriya, shi ya sa yake gani sarai da sassafe cikin hazo, daidai lokacin da agwagi ke kusa da gaɓa. Masu arha na kasuwa da ake rubuta wa 20x50 suna ruɗar mutane da babbar lamba, amma hoto rawa yake a hannu, ga duhu, tsuntsu na tashi ka rasa shi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne a rufe yake ruf, an cika cikinsa da iskar naitirojin. An yi haka ne don ruwa, amma a ƙasarmu ƙurar hunturu yake tarewa. Madubin da ba a rufe ba, ƙura kan shige cikinsa ta zauna, ba kuma mai iya goge ta sai an kwance shi. Gilashin waje dai dole ya yi ƙura. A fara hure ta, a kaɗe da burushi mai laushi, sannan a goge da ƙyallensa. Gefen rawani ko riga yashi yake murzawa a kan gilashin, ya bar zane har abada.

Kafin a fara kallo a daidaita shi da ido: a rufe gilashin dama, a juya dabaran tsakiya har na hagu ya fito tas, sannan a rufe na hagu a juya zoben da ke gefen dama. Wanda ya tsallake wannan zai tashi da ciwon kai ya ɗora wa madubi laifi.

A tazarar mita 100, idan rana na bayanka, yana nuna farar fuskar kirinjijiya, da doguwar wutsiya da farin wuyan namijin baƙuwar agwagwa mai kai ruwan ƙasa, da wata mai faffaɗan baki kamar cokali. Ƙaramar agwagwa mai farar gira tana da wuyar ganewa a farkon ɗari, don namijin bai sake gashi ba tukuna, kama yake da mace sai wajen Fabrairu.

Inda ya gaza shi ne nesa. Garken da ya zauna tsakiyar tafki, ko fararen tsuntsayen teku da kan sauka jefi-jefi, ɗigo kawai za ka gani, wannan aikin babban madubi mai ƙafa uku ne. Bayan ƙarfe 10 na safe kuma, idan ƙasa ta ɗau zafi, iska kan riƙa rawa bisa ruwa, kowane irin madubi dishi-dishi zai nuna.